Ku Tambayi Likitan Haƙori: Maganar rufe wushirya da giɓi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk a kan abu ɗaya ne, tazara tsakanin haƙora. Wasu wushirya ce suka taso da ita suna so a rufe musu, wasu haƙori ne ya fita ya bar giɓi, wasu kuma da can haƙoransu a haɗe suke sai yanzu da girma ya zo suka ga suna buɗewa da kansu. A madubi duk kamarsu ɗaya amma a wajen likita kowanne da hanyarsa, shi yasa na jero su tare don kowa ya ga inda tasa ta faɗa. Kamar kullum na cire sunaye, wasu saƙonnin kuma na ɗan rage musu tsawo.

TAMBAYA: Salam likita ya aiki. Dan Allah ni shekarata 26, inada wushirya tun ina ƙarama kuma gaskiya tayi faɗi, in zanyi dariya sai na kare baki da hannu, hoto ma bana yarda a ɗaukeni ina murmushi. Mutane suna cemin tana min kyau amma ni dai bata min ba. Naji ance ana rufewa a rana ɗaya, wasu kuma sunce sai ansa waya har shekara biyu. Wanne ne gaskiya kuma wanne yafi? Nagode.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, aiki da godiya. Duk maganganun biyu gaskiya ne, akwai aikin da ake gamawa a zama ɗaya akwai kuma na waya, wato ƙarfen da ake ɗaura wa haƙora a ja su, wanda ke cin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma bakinki ne zai nuna wanda ya dace dake ba son rai ba. Amma kafin nan bari in kwantar miki da hankali. Wushiryar da mutum ya taso da ita, wadda bata ƙara faɗi, dasashi kuma lafiya lau ba jini ba kumburi, wannan ba ciwo bace, in kika barta har tsufa babu abinda zata yi miki. Masu ce miki tana miki kyau ba ƙarya suke ba, ke kuma da kika ce bata miki ba ai bakinki ne, babu mai tilasta miki zama da abinda ke hana ki sakewa cikin mutane. Abinda kawai nake jiye miki shine kada wajen rufe ta a lalata miki lafiyayyun haƙora.

Likitan kirki ba zai fara miki da maganar ciko ko waya ba, aunawa zai fara yi. Zai auna faɗin wushiryar da milimita, ya auna faɗin haƙoran, ya ɗau hoton eksire ya duba me ya kawo ta. Wasu muƙamuƙinsu ne ya fi haƙoran girma sai fili ya yi saura, wannan yawanci gado ne zaki ga akwai mai ita a dangi. Wasu kuma haƙoran nan biyu da ke gefen manyan na gaba ne suka fito 'yan ƙanana masu tsini ko ma basu fito ba sam, sai na tsakiyan suka samu wuri suka baje. Wasu ɗan naman nan da ya haɗa leɓen sama da dasashi ne ya sauko ya ratsa tsakanin haƙoran. Kinga kowanne da maganinsa.

Na rana ɗayan da kika ji shine farin ciko, wanda ake ce ma kwamfozit. Likita zai kara wasu 'yan samfuran kala a jikin haƙorinki ya zaɓi wadda ta saje, ya wanke haƙorin ya shafa masa wani asid mai kauri, yawanci shuɗi ne, na kamar daƙiƙa 15 zuwa 30, in ya wanke ya busar zaki ga wajen ya yi fari sheƙin ya ɗauke, to alamar ya shirya kama gam kenan. Sai ya shafa gam ɗin, ya ɗora cikon yana da taushi yana gyara masa siffa kaɗan kaɗan a gefen kowane haƙori, ya haska masa shuɗiyar fitila ya daskare nan take, a ƙarshe ya goge ya yi santsi. Galibi ko allurar kashe zafi ba a buƙata. Wannan dabarar ta shafa asid don ciko ya kama jikin haƙori wani likita ne ɗan Amurka mai suna Michael Buonocore ya fito da ita a 1955, kuma albarkacinta ne yau ake iya ƙara wa haƙori faɗi ba tare da an sassaƙe shi ba. Nan ne ma nake son wannan hanyar, don in wata rana kika ce kin fasa ana iya cire cikon haƙorinki yana nan kusan yadda yake.

Sai dai yana da iyaka. Babban haƙorin gaba faɗinsa kamar milimita 8 zuwa 9 ne, in wushiryar bata wuce milimita 2 ba sai a ƙara wa kowanne 1, ba mai ganewa. Amma in ta kai 4 ko 5 aka ce dole sai an cike da ciko kaɗai to haƙoran biyu zasu fito falan falan sun fi sauran girma nesa, kuma wallahi da yawa sun fi jin kunyar wannan a kan wushiryar da suka rabu da ita. Tunda kince taki tayi faɗi ki tambayi likitan adadin milimitan, ki kuma ce ya ɗan ɗora miki cikon gwaji ba tare da gam ba ki duba a madubi kafin a yi na gaske. Sannan ciko yana tsufa, yawanci shekara 5 zuwa 7 sai ya nemi gyara ko canji, shayi da kofi da sigari suna rina gefensa, in kina cizon abu mai tauri da haƙoran gaba yana iya ɓantarewa. In kuma kina da niyyar a hasko miki haƙora to a fara da wannan a jira kamar sati 2 sannan a yi cikon, saboda maganin hasken baya canza kalar ciko.

Akwai kuma biniya, wani siririn rufi ne na tangaran da ake mannawa a fuskar haƙori. Yana da kyau sosai baya rina kamar ciko kuma yana kai shekara 10 zuwa 15, amma kafin a manna shi galibi sai an kankare kamar rabin milimita na farin ɓawon haƙorin wato inamel, shi kuma inamel in ya tafi ya tafi kenan jiki baya sake yin wani. Ke da kike shekara 26 ki lissafa sau nawa za a canza miki shi a rayuwa. Ni a ganina mai lafiyayyun haƙora masu kyan kala bata da dalilin fara wa da biniya. Kuma ki yi hattara da masu fiƙe haƙori duka zagaye su mayar dashi ɗan tsinke su kifa masa hula suna kiran abun biniya, wannan hular haƙori ce, an yi ta ne don haƙorin da ya karye ko ya ruɓe sosai.

Waya kuma, wato bireses, ita haƙoranki na asali take ja su haɗu ba a ƙara komai ba a rage komai. Haƙori yana tafiyar kamar milimita 1 ne a wata, sai kice to ai wata uku an gama, amma ba saman haƙorin kaɗai ake so ya matso ba har da saiwar da ke cikin ƙashi, kuma filin da aka rufe a tsakiya kada ya koma gefe, shi yasa ƙaramin aiki kan ci wata 6 zuwa shekara, babba kuma shekara ɗaya da rabi zuwa 2. In bakya son ƙarfe a baki akwai roba mai garai garai da ake sawa a cire irin su Invisalign, amma sai kin sa ta awa 20 zuwa 22 kullum, cin abinci da goge baki kawai ke cire ta, wanda ya san ba zai iya ba gara ya sa wayar. Mai faffaɗar wushirya sau da yawa haɗa biyu ake mata, a ja haƙoran da waya a rarraba filin sannan a ɗan ƙara ciko inda ya rage, ina kyautata zaton nan taki zata faɗa amma sai an auna.

TAMBAYA: Likita barka da ƙoƙari. Yarona ne ɗan shekara 8, tunda yayi famfara sababbin haƙoran gaban suka fito manya manya kuma a warwatse da fili a tsakani, 'yan uwansa har tsokanarsa suke. Ko in kaishi a saka masa waya tun yanzu kafin abun ya lalace?

AMSA: Maman yaro sannu da kulawa. A yawancin yara wannan ba matsala bace, mataki ne da ake wucewa. Manyan haƙoran gaba na sama suna fitowa ne wajen shekara 7 zuwa 8, a lokacin kuwa fiƙoƙin dindindin suna can sama a cikin ƙashi suna danna saiwoyin na gefe, shi ke sa saman haƙoran ya buɗe. In fiƙoƙin suka sauko wajen shekara 11 zuwa 12 sai su turo sauran zuwa tsakiya, ƙaramar wushirya da bata wuce milimita 2 ba galibi da kanta take rufewa. Girman haƙoran ma kada ya dame ki, haƙoran babba ne a fuskar yaro, fuskar zata cim musu.

Duk da haka ki kai shi a duba, ba don a sa waya ba. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a fara duba yaro tun yana shekara 7, kuma akwai dalili. Wani lokacin akwai ƙarin haƙori ɗan ƙarami da ke ɓoye cikin ƙashi daidai tsakanin manyan biyun, ido baya ganinsa sai hoto, in yana nan filin ba zai taɓa rufewa ba sai an cire shi. Hoton kuma zai nuna ko haƙoran gefe suna nan tafe ko babu su tun asali. In filin ya yi faɗi sosai, ko haƙori ɗaya ya fito ɗan uwansa ya wuce wata 6 bai leƙo ba, to kada a jira. Ki kuma lura ko har yanzu yana tsotson yatsa, don shi ma yana tura haƙoran gaba waje, kuma da lallashi ake raba yaro dashi ba da duka ba. In wani ya ce a yanke masa naman leɓe yanzu ki ce a dakata fiƙoƙi su fito tukuna. Su kuma 'yan uwan dan Allah ki tsawatar musu, yaron da aka saba yi wa dariyar haƙori yakan daina murmushi tun yana ƙarami.

TAMBAYA: Salamu alaikum dakta. Ni magidanci ne shekarata 47, ban taɓa yin wushirya ba amma cikin shekara biyun nan sai naga haƙorana na gaba suna rabuwa, ɗaya ma kamar ya ƙara tsawo ya ɗan turo waje. In ina buroshi ina ganin jini, iyali kuma tace bakina yana wari. Ina da ciwon suga. Babu zafi ko kaɗan. Zan iya zuwa a cike min wajen kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Cikin duk saƙonnin wannan karon naka ne ya fi tsaya min a rai, kuma ina roƙonka kada ka bari wata ya ƙare baka ga likitan haƙori ba. Haƙorin babba baya tashi haka kawai ya bar mazauninsa. Duk abubuwan da ka lissafa, sabuwar tazara da jini da wari da haƙorin da ya yi tsawo, ga kuma suga, alamomin ciwon dasashi ne da ya riga ya kai ga ƙashi. Rashin zafin nan da ka faɗa shi ne ma sharrin ciwon, yana cin mutum shiru shekara da shekaru. Kuma ba kai kaɗai bane, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna sama da mutum biliyan 1 ne ke fama da mai tsananinsa.

Abinda ke faruwa shine, dauɗar da buroshi bai cire ba tana daskarewa a gindin haƙori ta zama kamar dutse, ƙwayoyin cuta su zauna a kai, dasashi ya kumbura ya saki jikin haƙorin ya zama aljihu, sai ƙashin da ke riƙe da saiwa ya riƙa narkewa a hankali. Ka ɗauka turke ne aka kafa ruwa yana zaizaye ƙasar gindinsa, tun yana tsaye cak har ya fara karkata da ɗan turi kaɗan. To harshe da tauna kullum suna turin haƙoran gaba, da ƙashin ya ragu sai su baje. In kuma akwai turamen baya da aka cire ba a mayar ba nauyin tauna duk ya dawo gaba abun sai ya ƙara sauri.

In aka cike wannan tazarar yanzu an rufe alamar ne an bar ciwon, cikon ma zai ƙara tara dauɗa, bayan 'yan watanni sabon fili ya buɗe a gefensa. Abinda za a yi maka shine likita zai ɗauki wani siririn ƙarfe mai layi layi na milimita ya zagaya kowane haƙori yana auna zurfin aljihun, lafiyayyen dasashi 1 zuwa 3 ne, daga 4 zuwa sama akwai magana, sannan hoto ya nuna yawan ƙashin da ya saura. Daga nan sai wankin haƙori mai zurfi har ƙarƙashin dasashi, galibi da allurar kashe zafi kuma a zama fiye da ɗaya, sai a sake aunawa bayan kamar wata 2 zuwa 3. Bayan wankin zaka iya ganin filin kamar ya ƙara fitowa fili ko ruwan sanyi ya riƙa sa maka zugi na ɗan lokaci, kada ka ce an ɓata maka haƙori, kumburin ne ya saɓe abinda ke ƙasa ya bayyana.

Maganar suga kuma kada ka raba ta da wannan, suna ciyar da juna ne, suga in ya hau ciwon dasashi ya ƙi jin magani, ciwon dasashin kuma yana wahalar da saukar suga. Ka gaya wa likitan da ke duba maka suga halin da bakinka ke ciki. In kana shan sigari ka yi iya ƙoƙarinka ka bari. Ba zan ɓoye maka ba, ƙashin da ya riga ya tafi yawancinsa baya dawowa, amma ana tsayar da ciwon a ceci haƙoran. Sai jini ya tsaya aljihunan sun ragu sannan a zauna maganar rufe tazara, a ja haƙoran da waya a hankali sosai, a kuma ɗaure su ta ciki da siririyar waya su tallafi juna.

TAMBAYA: Dakta ni ɗalibi ne shekara 19. Naga wani bidiyo a TikTok ana ɗaure haƙoran gaba da ƙaramar roba da daddare wai wushirya tana rufewa cikin sati kaɗan. Na fara yi, ta ɗan matse kam, amma yanzu dasashina yayi ja yana ciwo kuma rannan na tashi da safe banga robar ba.

AMSA: Ƙanena ka daina yau ɗin nan, kuma gobe in Allah ya kai mu ka je wajen likitan haƙori ka gaya masa ainihin abinda ka yi, kada kunya ta hana ka. Ka duba siffar haƙori, ta ƙasa inda ake cizo yana da faɗi, yana hawa sama yana tsukewa har ƙarshen saiwa, ita kuma roba kullum wajen da ya fi siranta take nema, to sai ta silale ta shige ƙarƙashin dasashi ta ci gaba da hawa tana yanke zaruruwan da ke riƙe da haƙori tana cinye ƙashi. Akwai waɗanda suka rasa haƙoran gaba biyu ta wannan hanyar, likitocin daidaita haƙora sun daɗe suna gargaɗi a kai. Zai yiwu robar taka haɗiye ta kayi ko ta faɗi a shimfiɗa, amma zai yiwu kuma tana ciki, kuma irin wannan robar galibi bata fitowa a hoton eksire, in baka faɗa ba likita zai yi ta neman dalilin kumburin bai gani ba. Matsewar da ka gani ma saman haƙoran ne kawai suka kwanto saiwa tana inda take, kana dainawa zasu koma. Wannan shine garin neman gira a rasa ido. Haka masu liƙa gam ko wani farin abu da suka saya a intanet a tsakanin haƙoransu, su ma su bari.

TAMBAYA: Assalam. Na sa waya kusan shekara biyu wushiryata ta rufe tas, an cire min bara, yanzu gashi tana dawowa. Wlh abun yana min ciwo in na tuna wahalar da nasha. Aikin ne ba a yi daidai ba?

AMSA: 'Yar uwa na fahimci ɓacin ranki, amma ba lallai aikin ne ya ɓaci ba. Baki faɗa min ko an baki ritena ba, wato abinda ake sawa bayan an cire waya don ya riƙe haƙoran a inda suke, ko an baki kin ajiye. Wushiryar tsakiya tana daga cikin abubuwan da suka fi saurin komawa bayan an cire waya, saboda zaruruwan dasashi suna ja da baya zuwa inda suka saba, shi yasa mai irin taki abinda ya fi mata shine a manna mata siririyar waya ta bayan haƙoran gaba, ba a ganinta, ta zauna shekaru, a haɗa mata da ritena ta roba da zata riƙa sawa da daddare. Har yaushe? Muddin kina son haƙoran su zauna a haɗe. Wannan maganar ya kamata a faɗa wa kowa tun ranar farko kafin ma a sa wayar.

In tsohuwar ritenarki tana nan kuma tana shiga da ɗan matsi kaɗan to ki kai wa likitanki ya gani, wani lokacin sa ta kullum na 'yan makonni yana mayar da ɗan abinda ya buɗe, in kuma bata shiga kada ki danna ta da ƙarfi. Ko an sake jan haƙoran ma ba shekara biyu zaki sake yi ba, 'yan watanni ne galibi. Amma a wannan karon a nemo abinda ke buɗe ta. Ki tsaya gaban madubi ki ɗaga leɓenki na sama ki ja shi, in kika ga ɗan naman da ke tsakanin haƙoran biyu ya yi fari yana motsi to naman leɓen ya ratsa har ciki, ƙaramin aiki ne ake yi a rage shi, kuma an fi yinsa bayan an haɗe haƙoran ba kafin ba. Sannan ki haɗiyi yawu ki lura ina harshenki yake zuwa, in haƙoran gaba yake tura maimakon ya manne a ganɗa to shima sai an koya masa sabon zama.

TAMBAYA: Likita shekara uku kenan da aka cire min turmi ɗaya na ƙasa, tunda a baya yake ba a gani ban damu ba. Yanzu abinci yana yawan maƙale min a wajen kuma naga na kusa dashi kamar ya kwanta. Dole ne sai na saka wani? Shekarata 34.

AMSA: Ɗan uwa abinda ka gani haka yake, haƙora jingine suke da juna, in ɗaya ya fita na bayansa yakan kwanto cikin giɓin, na samansa da ya rasa abokin tauna ya riƙa saukowa, ƙananan tazara su buɗe a inda da babu, ƙashin wajen kuma yana ƙanƙancewa musamman a watannin farko bayan cirewa. Ba kowane giɓi ne dole sai an cike ba, in turmin ƙarshe ne can ƙurya da yawa ana barinsa, amma tunda naka maƙwabta sun fara motsi gara a yi wani abu.

Hanya uku ce. Haƙorin roba mai cirewa shi ya fi sauƙi amma sai an saba dashi kuma ana cire shi da daddare. Sai birij, wato a rataya sabon haƙori a jikin maƙwabta biyu, baya motsi kuma aikin baya ɗaukar lokaci, illarsa sai an fiƙe maƙwabtan, in dama suna da manyan ciko to ba asara, in lafiyayyu ne ni ina jin nauyin taɓa su. Na uku dashe, a kafa kusar ƙarfen taitaniyam cikin ƙashi a jira wata 3 zuwa 6 ƙashin ya kama ta sannan a ɗora haƙori a kai. Ba sabon abu bane, wani likita ɗan ƙasar Suwidin Per-Ingvar Branemark ya yi wa mutum na farko tun 1965. Shi baya taɓa maƙwabta, amma yana son isasshen ƙashi da lafiyayyen dasashi, sigari da sugan da ba a kula dashi suna sa ya ƙi kamawa, kuma ba a yi wa yaron da bai gama girma ba sai wajen shekara 18 zuwa sama. A naka tunda na kusa ya kwanta, ta yiwu sai an fara miƙar dashi da waya kafin a samu wurin sa sabon, wani lokacin ma in yanayin ya ba da dama ana jawo na bayan gaba ɗaya ya rufe giɓin ba sai an sa komai ba.

TAMBAYA: Ina da shekara 41, ban tsufa da sa waya ba? Kuma ni haƙorana a haɗe suke amma ta sama kusa da dasashi akwai 'yan ramuka baƙaƙe masu kusurwa uku, suma ana rufewa?

AMSA: Hajiya baki tsufa ba, haƙori yana tafiya a kowane shekaru in dai ƙashi da dasashi lafiya suke, sai dai na babba yakan ɗan fi na yaro jinkiri, kuma duk sanda aka ɗaure wayar akan ji ciwo na kwana 2 zuwa 3 ya wuce. Su kuma 'yan ramukan, naman dasashin da ke cike tsakanin haƙora ne ya janye. Wani bincike da Dennis Tarnow da abokan aikinsa suka wallafa a 1992 ya nuna in tsakanin inda haƙora biyu suka haɗu da saman ƙashi bai wuce milimita 5 ba naman kusan kullum yana cike wajen, in ya kai 7 kuwa galibi rami ake gani. Don haka gyaran shine a matso da mahaɗar haƙoran kusa da dasashi, ko da farin ciko da ake zagaya gindin haƙorin dashi, ko a ɗan goge gefunan haƙoran kaɗan a matse su da waya. Amma a fara auna miki dasashi kamar yadda na gaya wa Malam mai shekara 47, a tabbatar ba ciwo ne ya janye naman ba. Kafin nan ki ajiye tsinken sakace don yana ƙara danne naman, ki nemi ɗan ƙaramin buroshin da ake zurawa tsakanin haƙora, likita ya zaɓa miki girman da ya yi daidai da ramukan, ki riƙa bi dashi sau ɗaya kullum kafin ki kwanta.